Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Kaduna: A Ɗauki Nauyin Matan Da Ke Bin Jarirai Gida-Gida

Mai Girma Gwamna, Sanata Uba Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina miƙa gaisuwar girmamawa gare ka, da Mataimakiyarka, Dokta Hadiza Sabuwa Balarabe, da 'yan Majalisar Dokokin Jiha, da shugabannin ƙananan hukumominmu 23. Allah ya taya ku riƙo, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Ni tsohuwar ma'aikaciyar lafiya ce, na yi ritaya, yanzu ina cikin kwamitin raya mazaɓarmu a Ƙaramar Hukumar Igabi. Hannuna ne ya rubuta wannan takarda, amma maganar ba tawa ce ni kaɗai ba. Ina magana ne da yawun matan da ke shiga gida-gida suna duba masu ciki da masu jego da jarirai, da ungozomomin da muke aiki tare, da masu unguwannin da ake tasa cikin dare idan haihuwa ta zo da gardama, da iyaye matan da ba su da hanyar da kokensu zai isa Gidan Sir Kashim Ibrahim, fadar gwamnatin jiha.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne, aikin nan na bin gida-gida yana neman mutuwa a kan idonmu, kuma ba mu ji wanda ya fito ya ce nasa ne ba. Shekara da shekaru kuɗin ƙungiyoyin waje ne ke riƙe da mafi yawansa. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashe, daga baya ta rufe hukumar USAID ɗungurungum. Ingila ma, wadda ta daɗe tana sa hannu a harkar lafiya a jihar nan, ta sanar da rage nata. Idan jiha ba ta karɓi aikin ta mai da shi nata ba, zai tafi tare da masu shi.

Ba za mu yi butulci ba. Mun san an tsara kowace mazaɓa daga cikin 255 ta samu asibitinta na matakin farko, kuma mun ga gyaran da aka yi wa da yawa daga cikinsu. Mun san tun 2019 ma'aikaciyar gwamnatin jiha ke samun hutun haihuwa na wata shida, abin da jihohi da dama ba su yi ba. Mun san da hukumar KADCHMA ta taimakekeniyar lafiya. Sai dai asibiti a wuri ɗaya yake tsaye, wanda ya je shi yake gani. Gina shi ba tare da mai bin gidaje ba kamar haƙa rijiya ne a hana guga.

Abu na farko, wanda kuma ya fi ci mini rai, shi ne makon farko bayan haihuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matan da ke haihuwa a asibiti a Arewa maso Yamma ba su kai 1 cikin 5 ba. Sauran a ɗaki suke sauka, a hannun ungozoma ko uwar miji, wata ma ita kaɗai saboda kunya. Daga nan mai jego ta shiga wanka, ba ta leƙa ƙofar gida sai ta yi arba'in. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kusan kashi 75 cikin 100 na jariran da ke rasuwa a watansu na farko, a makon farko suke rasuwa. Wato daidai kwanakin da al'adarmu ta killace uwa da ɗanta a ɗaki. Ni ban ga laifin killacewar ba, hutu ne da mace ke buƙata. Amma tunda ita ba za ta fito ba, dole wani ya shiga. Shi ya sa tun 2009 hukumar da UNICEF suka ba da shawarar a riƙa bin jariri har gida a ranar da aka haife shi, da rana ta uku, da ta bakwai. Ta bakwan ma ranar suna ce, ƙofa a buɗe take.

Me mai ziyarar za ta yi idan ta shiga? Za ta ɗaga riga ta duba cibiya, ta ga ko ta yi ja ko tana wari, ta ba da man kulohezidin da aka amince da shi a maimakon toka ko man goge baki ko gashi da tsumma. Za ta duba ido da tafin ƙafa ko shawara ta kama. Za ta ƙirga numfashi, ta taɓa jiki ta ji ko ya yi sanyi, ta zauna ta ga yadda yake kama nono. Za ta roƙi kaka kada a matse dakashi a zubar, domin shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri, kuma kada a fara ɗura masa ruwa ko jiƙo. Za ta yi wa wanzami magana cikin mutunci kafin a kai ga cire beli. Sannan ta juya kan uwar: jini ya tsaya? Ƙafa ta kumbura? Kai na sarawa, ido na ganin dishi-dishi? Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka rubuta cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a matan Zariya da kewaye, suka danganta shi da yawan kunun kanwa, da ruwan wanka mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Ilimin nan a jiharmu aka samo shi kusan shekara 50 da suka wuce, amma har yau akwai gidajen da bai shiga ba, domin babu wanda aka ɗora wa kai shi.

Akwai wata yarinya a unguwarmu, haihuwar fari, ta zo wanka gidan iyayenta. Ta lura ɗan ya rage shan nono, amma kara ta hana ta faɗa, kada a ce ta cika zumuɗi a kan ɗan fari. Ɗaya daga cikin matanmu ta shiga a rana ta uku, ta fito da shi tsakar gida wajen haske, sai ga ido ya yi rawaya. Mutanen gida suka ce a bari a yi suna tukuna. Ita ba ta yi gardama da su ba, ta je ta taso mai unguwa, shi ya kira mijin a waya. Kafin la'asar an kai shi asibiti an sa shi a ƙarƙashin fitila. Yaron yanzu yana Islamiyya. Matar da ta cece shi kuwa ta bar aikin, tana suyar awara a ƙofar gida, domin shirin da ke biyan ta ya ƙare, babu wanda ya ɗauke ta. Layin da take bi yau ba mai bin sa.

Sai maganar tamowa da tsumburewa. Binciken nan na 2018 ya ce kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Ba tsayi kaɗai ke tsayawa ba, har da ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawan ɓarnar tana faruwa ne a kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu. Wannan a jihar da ke cika kasuwannin ƙasar nan da masara da waken soya, daga Saminaka zuwa Giwa da Soba. Ba zan ɗora wa iyaye mata laifi ba. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kwanon abinci ya fi ƙarfin gidaje da yawa, kowa ya sani. Amma ko a gidan da akwai gero da gyaɗa da waken soya a rumbu, sau da yawa za ka tarar ɗan wata takwas koko tsararo kawai ake ba shi. Abin da ya rage shi ne mai zama a tabarma ta nuna yadda ake haɗa su a soya a niƙa, a sa ɗan manja da garin zogale, a ba yaro a kwanonsa shi kaɗai don a san abin da ya ci. Ita ce kuma za ta ɗaura masa ma'aunin damtse. Idan ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, ta tura shi asibiti tun ƙafa ba ta kumbura ba. Yanzu sai yaro ya galabaita ake ganin sa, lokacin da jinyarsa ta fi tsada kuma ba kullum ake dacewa ba.

Akwai wani ɓangare da ko mu ma'aikatan lafiya ba a koya mana shi sosai ba a zamaninmu, kuma ina roƙon ka saurare shi da kyau, ranka ya daɗe, don ya shafi makarantun da gwamnati ke kashe wa kuɗi. Shi ne yi wa jariri magana da wasa da shi. A 1986 da 1987 aka fara wani bincike a birnin Kingston na ƙasar Jamaika a kan yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu daga cikinsu aka sa ma'aikatan lafiya na unguwa suna ziyartar gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu. Ba magani suke kaiwa ba. Suna nuna wa uwa ne yadda za ta riƙa kiran sunayen abubuwa, ta yi waƙa, ta yaba wa yaro idan ya yi ƙoƙari, da kayan wasan da aka haɗa daga gwangwani da robar da ke gida. Bayan shekara 20 aka sake bin yaran, sakamakon ya fito a mujallar Science a 2014: waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗin da ya fi na takwarorinsu da kashi 25 cikin 100. Waɗanda madara kawai aka ba su, ba tare da wasan ba, ba a ga irin wannan bambanci a tare da su ba.

A wurinmu abin ma ya fi sauƙi, don muna da waƙoƙin reno da tawai da tatsuniya, ba sai an aro ba. Abin da ake buƙata shi ne mai ziyara wadda ta san gidajenmu. Ta san matashiya mai ɗan fari ba za ta yi masa wasa a gaban surukai ba, ko sunansa ba za ta kira ba, don haka sai ta jawo kaka ko goggo ko yayar da ke goya shi. Baƙuwar da aka turo daga ofis da takardar tambayoyi ba za ta gane wannan ba, za ta rubuta cewa uwa ba ta kula da ɗanta. Malaman firamare suna kukan yara na zuwa aji ɗaya ba sa iya haɗa magana. Gyaran wannan tun a goye yake farawa.

Yanzu bari in zo kan matan su kansu. Ba sabon abu muke roƙon a ƙirƙiro ba. A lokacin yaƙi da shan inna an horar da dubban mata a Arewa, masu shuɗin hijabi, suna riƙe da littafin da ke ɗauke da kowace mai ciki da kowane jariri a layinsu, suna zuwa suna su ɗiga wa jariri rigakafi. An zage su, an rufe musu ƙofa, suka jure, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji ranar 25 ga Agustan 2020. A 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin CHIPS don a haɗa ire-iren waɗannan ma'aikata wuri guda. Duk da haka har yau sunansu 'yan sa-kai, abin da suke samu alawus ne, ya zo yau, gobe shiru. Mace tana da 'ya'yan ciyarwa, ba za ta yi ta yawo a rana a kan alkawari ba. Duk wadda ta bari kuwa, ta tafi da amanar gidajen da ta yi shekaru tana ginawa.

Habasha ta bi wata hanya. Tun 2003 ta fara ɗaukar 'yan mata daga ƙauyukansu, ta horar da su shekara guda, ta mayar da biyu kowane ƙauye a kan albashin gwamnati. Tsakanin 1990 da 2012 ƙasar ta rage mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da kashi biyu cikin uku. Ba su kaɗai suka jawo haka ba, amma babu mai ba da labarin nasarar ya tsallake su.

Wata matsalar ita ce kowane shiri da nasa ɗan aike. Yau masu ɗigon shan inna, gobe masu maganin zazzaɓin damina, jibi masu gidan sauro, kowa da rigarsa da littafinsa, kuma da an gama kwanakin kamfen sai kowa ya watse. Magidanta sun gaji, kuma tambayar da suke yi mana tana da nauyi: me ya sa ɗigo ake biyo mu da shi kyauta har gida, amma ran da yaro ya kwanta da gudawa ba ma ganin kowa? Fuska ɗaya da aka sani, wadda ke zuwa ko da kamfen ko babu, ita ce amsar wannan tambaya.

Ita kuma fuskar nan ba ta shiga gida sai da izinin mai gida, shi ya kawo mu kan kwamitocin mazaɓu. A takarda suna nan. A zahiri da yawansu ba sa zama sai an ji baƙi za su zo, kuma idan an zauna maza ne ke cika benci suna tattauna haihuwa, matan da suka san ta suna gida. Alhali mun ga abin da haɗin kai ke yi. Tun da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko a 2009, ƙofofin da suka gagari ma'aikata suka fara buɗewa. Irin wannan muke so a sauko da shi mazaɓa: liman da fasto, matan ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da na Zumuntar Mata ta coci, ungozoma da wanzami, mai kemis, malamar Islamiyya, da direbobin ƙungiyar NURTW da aka horar su ɗauki mai naƙuda cikin dare. A jiha irin tamu, inda aka sha raba mutane da sunan addini, zama a kan lafiyar jariri na cikin 'yan abubuwan da na ga Musulmi da Kirista sun yi ba tare da an roƙe su ba. Waɗannan kwamitoci ne kuma kaɗai suka san iyalan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da Chikun da Kajuru, suke raɓe a kangaye da ɗakunan haya a Rigasa da Mando, ba sa cikin littafin kowane asibiti.

Ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A buɗe wa ziyarar gida layinta da sunanta a kasafin kuɗin jiha, ba a cusa ta ƙarƙashin wayar da kai ba, kuma a riƙa bayyana abin da aka saki duk wata uku don kowa ya gani. Daga ciki a mai da matan nan ma'aikata masu albashin wata, a biya su kai tsaye ta asusunsu. A fara da waɗanda suka riga suka yi aikin shan inna da CHIPS, a cike gurbi da matan da mazaɓa ta zaɓa da kanta, masu karatun boko ko ajami, ba waɗanda ɗan siyasa ya kawo sunansu ba. Wannan na ƙarshe ina jaddada shi, domin ranar da aikin ya zama rabon 'yan jam'iyya, ranar ya mutu.

A ba su jadawali ɗaya a duk jiha: ziyara lokacin ciki don tura mace awo, uku a makon farko na haihuwa, sannan aƙalla sau ɗaya a wata har yaro ya cika shekara biyu, da koyar da wasa da magana a cikinsa tun daga farko. Makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi za ta iya horar da su. Kowace ta fita da jakarta: ma'aunin zafi, ma'aunin damtse, man cibiya, gishiri da sukari na gudawa da ƙwayar zinc. A ba ma'aikacin asibitin mazaɓa kuɗin man babur don ya riƙa bin su yana duba aiki. Kuma a tabbatar idan sun turo yaro zai tarar da ma'aikaci da magani, don babu abin da ke zubar da mutuncin mai ziyara kamar ta lallashi magidanci ya biya kuɗin mota ya je ya tarar da ƙofa a rufe.

Kwamitocin mazaɓu a sake kafa su, a ware wa mata aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kujeru, a ba su ɗan kuɗin zama na wata-wata, a kuma ba su ikon ganin yadda asibitinsu ke kashe kasonsa na asusun lafiya a matakin farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Muna roƙon ka nemi Mai Martaba Sarkin Zazzau da sarakunan Birnin Gwari da Jama'a da na kudancin jiha su umarci dagatai da masu unguwanni su riƙa sanar da mai ziyara duk haihuwar da aka yi a ranar da aka yi ta. Shugabannin ƙananan hukumomi kuwa, tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kuke maganar 'yancin cin gashin kai. Ga wurin da za ku nuna mana amfaninsa, ku ɗauki wani kaso na albashin matan nan. 'Yan majalisa su sa shirin a doka, kada gwamnati mai zuwa ta share shi da alƙalami.

Idan kuɗi ba zai isa jiha duka a shekara ɗaya ba, a fara da mazaɓun da tamowa da mutuwar jarirai suka fi yawa a kowace shiyya ta sanata, a ƙirga jarirai nawa aka gani a kwana ukun farko, a fito da adadin a fili, mai daɗi ko marar daɗi.

Roƙonmu na ƙarshe ga Mai Girma Mataimakiyar Gwamna ne, wadda likita ce kuma ta taɓa shugabantar hukumar lafiya a matakin farko ta jihar nan. Kafin a kai kasafin kuɗi majalisa, a sa mana rana ta zauna da matan nan su da kansu, ba wakilansu ba, su zo da littattafansu na layi ta duba.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar ma'aikaciyar lafiya kuma 'yar kwamitin raya mazaɓa,
a madadin masu ziyarar gida da ungozomomin mazaɓarmu,
Ƙaramar Hukumar Igabi, Jihar Kaduna.